Buhun Sani da Hannun Alhaji

Da sunan Allah nake shiga wannan babi, kuma shi ne wanda na fi ja wa ƙafa. Labarin ƙuruciyata a bakin gulbi da na aurena da na zuwana Makka duk na rubuta muku su ban sha wuya ba. Wannan kuwa sai in ɗauki biro in ajiye, in tashi in duba tukunyar da ba ta bukatar dubawa. Amma na gaji da jin magana tana zagayawa ta Abijan da Damagaram tana dawo mini Gaya, wai uwarku ta hana a yi wa ubanku magani, ta zaunar da shi yana wasan yara har ya mutu. Kai Babba, ɗan farina da ba na kiran sunanka, ka faɗa da bakinka. Ke Hadiza da ke Damagaram ba ki faɗa ba, amma gaisuwarki a salula ta gajarce, ni kuma ba yarinya ba ce. Kai Sani kana can arewa wajen haƙar zinariya, ban san abin da ke ranka ba. To ku ji yadda aka yi, daga nan kowa ya riƙe abin da ya ga dama. Ba yabo nake nema ba, ƙarfin neman ma babu.

Shekarar da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil ta ƙasar Benin ce. Kun san babanku, tun kafin in shigo gidansa yake jan kamiyo, babbar motar kaya, daga Kwatano zuwa Yamai, daga Yamai zuwa Agadas, ya dawo ya kwana biyu ya sake fita. Da gada ta rufe sai motar ta tsaya a ƙofar gida har tayoyinta suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Kaya kuwa ba su daina ƙetarowa ba, sai dai suka koma kwale-kwale. Kullum da hantsi Alhaji ya saka hula ya tafi bakin gulbi ya tsaya yana kallon samari suna loda buhuna a jirage. A can ya faɗi. Masu dako ne suka kawo mini shi a amalanke, bakinsa ya karkace. A likita suka ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta buge shi. Ɓarin dama ya mutu, magana ta tafi gaba ɗaya sai gurnani, hannun dama kuma ya dunƙule kamar na mai ɓoye goro, ko da ƙarfi ba ka buɗe shi. Mazo, babban ma'aikacin jinyar da ke duba shi, ya ce abu biyu ne: kada ƙwayar tansiyo ta yanke ko rana ɗaya, sannan a sa yatsun su yi aiki. Ya ce in zuba masa wake da tsakuwa a faranti ya riƙa tsincewa. Na zuba na kai. Alhaji ya dube ni, ya dubi farantin, ya sa ƙafar hagu ya yi fatali da shi. Mutumin da ya ratsa Sahara da tirela, a ce ya zauna tsintar wake! Ban ga laifinsa ba, na dai durƙusa na kwashe. Cin abinci da hagu ma ya ƙi, sai dai in ba shi a baki, yana ci yana kau da kai.

Yanzu sai buhun Sani. Sani, ka yi haƙuri, dole in faɗa don ƴan'uwanka ba su san tushen abin ba. Da ka gama lise, wato babbar sakandare, ba aiki, ka zo da dabararka ta sayar wa makarantun ƙananan yara na Yamai wani wasa na Turawa. Hoto ne a kan kwali mai kauri, an yayyanka shi gutsu-gutsu masu kunnuwa da ramuka, yaro ya zauna ya haɗa har hoton ya fito. Kana kiransa da sunansa na Faransanci, ni sunan bai zauna a bakina ba, haɗe-haɗe nake ce masa. Wani mai buga takardu a Kwatano ya yi maka su da hotunan wurarenmu: hasumiyar masallacin Agadas, raƙuman dawan hanyar Doso, ƙofar fadar Doso, garin nan na Benin da aka kafa a kan ruwa, da gadarmu. Ya ƙara maka da wasu na gwanjo da suka kwana masa a shago, masu hoton jiragen ruwan yaƙi na Turai. Kowane hoto da kwalinsa, a bayan kwalin an buga yadda zai fito. Kayan suna isowa Malanbil gada na rufewa. Suka daɗe a can, daga baya ka ba masu jirgi su ƙetaro maka. Su kuwa masu jirgi suna da yadda suke aikinsu, da sukari da taliya da sabulu duk ɗaya: a fasa kwali, a zazzage kaya a buhu don a samu wuri, kwalayen a sayar wa masu ƙosai. Ina tsakar gida suka shigo da buhu biyu, har da murmushinsu.

"Ina kwalayen?" in ji ka.

"Ɗan Alhaji, kwali ai iska ce," in ji babbansu. "Jirgi ba ya ɗaukar iska. Har ledojin ciki mun farfashe, su ma iska ce. Kayanka ga su nan cif, ko ɗaya bai faɗa ruwa ba."

Wallahi ba da mugunta suka yi ba, gani suke sun kyauta maka. Ka buɗe bakin buhu, ka sa hannu ka ɗebo, ga Agadas ga teku ga wuyan raƙumin dawa duk a tafi ɗaya. Ka zauna a ƙasa kamar an zare maka laka. Ba a yi wata ba ka haɗa jakarka ka tafi, ka ce ba za ka iya kallon babanka a kwance da buhunan nan a jingine ba. Ban hana ka ba, don ni ma da akwai inda zan gudu a lokacin da na gudu.

Buhunan na ja su madafa, don na lura abin yana kama wuta da kyau. Buhu ɗaya kusan rabinsa a murhu ya ƙare, ba zan ɓoye ba. Wata safiya na ɗebo a faifai zan hura wuta, na bi ta rumfar da Alhaji ke kwance, wasu suka zube kusa da tabarmarsa. Na kawo tsintsiya sai na ji gurnani irin wanda ban saba ji ba. Ya miƙa hannun hagu ya ɗauki guda, jar ƙasa ce da wani ɗan icce ya leƙo daga jikinta. Ya juya shi, ya sake juyawa, sannan ya ɗaga hannu ya nuna arewa, ya yi sama da yatsa, sama, sama.

"Mi ne ne kuma, Alhaji? Ruwa za ka sha?"

Ya harare ni irin hararar da yake yi wa aparantinsa, yaron motarsa, idan ya manta zuba ruwa a mota. Ya sake nuna arewa, ya kai hannu kunne kamar mai kiran salla. Nan na gane. Itacen nan da ke fitowa daga jikin hasumiyar Agadas ya gani, a guntun da bai kai faɗin ƙwandala ba. Tun da ya faɗi ban tabbata ko mutumin yana nan ciki ba, sai ranar.

Daga nan aiki ya same ni, kuma ku sani ban taɓa son abin nan ba ko na rana guda. Na sauko da kwanonin aurena daga kabad, waɗanda ke Hadiza kike cewa in ajiye miki, na mai da su na rabo: ja-ja a wannan, kore a wancan, toka-toka daban, shuɗi daban. Na sa aka ciro allon katakon da yake shimfiɗawa a ƙarƙashin kamiyo in zai yi gyara, na wanke baƙin man na ajiye masa a gaba. Kwali babu, hoton dubawa babu, sai abin da ke kansa. Wata masifar kuma, kowane hoto Sani ya sayo shi da yawa, saboda haka guntu ɗaya sai ka same shi ya maimaitu har ka gaji, wanda kake nema kuwa ya ɓuya a gindin buhu. Shuɗin nan shi ya cinye mini ido. Sararin Agadas shuɗi, na Doso shuɗi, teku shuɗi, kai! In miƙa masa guda ya ture, in miƙa wani ya ture, in ce "to kai ka nema mana, tunda kai ne gwani", ya yi dariyar nan tasa da rabin baki. Ga wanka, ga juya shi, ga kwashe abin da ya kamata a kwashe, ga layin sayen ƙwaya a faramasi. Wurin da nake sayar da bandar kifi a kasuwa na ba wata maƙwabciya ta riƙe mini, har yau tana riƙe. Bayana ya ƙage, gwiwoyina suka kumbura. Amma mutumin da yake kwana yana kallon azara ya koma yana tashina da gurnani tun asuba a kawo masa allonsa. Kafin kaka ya gama Agadas da hannun hagu. Ya sa na tsaya a kansa na duba. Shekara da shekaru yana cewa zai kai ni in gani, ashe a kan katakon gyaran mota zan gan ta.

Baffanku Malam Idi, ƙanen babanku da ke Tunuga yana noman shinkafa da kamun kifi, duk Juma'a yana zuwa da kifi a leda. Ina so ku san ban taɓa ƙin mutumin nan ba. Alhaji ne ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, shi ya saya masa jirgi. Ni kuma abokin wasana ne, tun ina amarya. In ya shigo tun daga zaure za ka ji shi:

"Ina matata? A kawo tuwo, maigida ya iso."

"Mijin da cefanensa bai wuce kifi uku ba? Zauna a ƙasa," in ce masa.

Da ya fara ganin allon sai fuskarsa ta canza. Daga baya ya ce hotunan dabbobi a inda mara lafiya ke kwance ba kyau. Na ce to a kau da raƙuman dawan, masallaci fa? Abin da ke ransa daban ne. Mutanen Tunuga mutanen ruwa ne, kuma a bakin gulbi Alhaji ya faɗi, a tsaye, da rana tsaka. A wurinsu ba tansiyo ba ce, mutanen cikin ruwa ne, iskokin gulbi, suka taɓa shi. Sai Allah ya sa wata Juma'a Malam Idi ya shigo daidai lokacin da Alhaji ya gama haɗa gadarmu. A hoton gadar cike take da kamiyo, sun yi layi har ƙarshenta. Alhaji ya kafa mata ido, ya daɗe, hawaye suka zubo, sai ya ɗaga dunƙulallen hannun nan da na hagu ya maka a tsakiyar allon. Gutsattsari suka watse har cikin randa. Ni na san abin da ya gani. Malam Idi kuwa yayansa ya gani, Alhaji guda, a ƙasa cikin kayan wasan yara, yana kuka yana duka. Ya ja ni gefe.

"Hajiya, wannan ba ciwon likita ba ne. Akwai mai magani a wajenmu, ya san mutanen cikin ruwa. Zan zo in ɗauki Yaya."

"Ka kawo shi nan ya yi turarensa. Rubutu ma ana sha, tofi ana yi, ban hana ba."

"Ya ce sai mara lafiya ya kwana a wurinsa, bakin ruwa. Kuma a ajiye ƙwayoyin nan, ba sa haɗuwa da aikinsa."

Nan muka rabu. Ban ce duk masu maganin gargajiya ɗaya ba ne, ni kaina na sha sassaƙe ya yi mini. Amma gwaggota, ƙanwar babana, irin ciwon nan ta yi, aka kai ta irin wurin nan, aka zubar da ƙwayoyinta, aka rufe ta a ɗaki da hayaƙi. Da kaina na je na gan ta, ba ta yi mako biyu ba. Na faɗa wa Malam Idi haka, ya ce kwananta ne ya ƙare. Na ce haka ne, amma na Alhaji ba da hannuna za a ƙarasa shi ba. Sai ya koma ta wajenku. Kai Babba ka kira ni daga Abijan ka ce, "Inna, ki bar dangi su yi nasu ƙoƙarin." Na ce ka zo ka gani da idonka. Ka ce hanya a rufe take. Gaskiya ne, a rufe take.

Ranar da suka zo da hantsi ne, ina tsaka da rabon shuɗi. Malam Idi da ƴaƴan baffanninsu biyu da wani dattijo daga danginsu, ga motar haya a ƙofar gida. Suka gaishe ni gaisuwar da ba ta jiran amsa, suka wuce rumfa, suka kama bakin tabarma ta kusurwa huɗu suka ɗaga shi. Ba zan yi muku ƙarya in ce babanku ya ce mini kada a tafi da shi ba, ba shi da bakin faɗa. Abin da na gani shi ne ya damƙi allon nan da hannun hagu, suka ja ya ƙi saki, har suka ɗauke shi da allon a ƙirji, idonsa yana kaina. Ni dai ban san lokacin da na riga su zaure ba. Na zauna a bakin ƙofa a ƙasa, na miƙe ƙafafuna daga wannan dogarin ƙofa zuwa wancan. Kun san babu namijin da zai tsallake ƙafar matar yayansa, balle da mijinta a hannu. Suka tsaya cirko-cirko. Unguwa ta taru, masu kabu-kabu suka kashe babura suna kallo. Ni da na je Makka, ga ni zaune a turɓaya mayafi ya zame.

"Hajiya, tashi, wannan abin kunya ne," in ji dattijon. "Mace ba ta da iko da jikin miji a gaban danginsa."

"Baba, da nake kwashe kashinsa da fitsarinsa safe da yamma, dangin suna ina? Jikin na wa ne a lokacin?"

Magana ce mai zafi, kuma ko yau aka sake zan maimaita ta. Malam Idi ya ce in janye ƙafa. Na ce ya tsallake. Ya sake faɗa, na ce ga su nan, ya tsallake in ya isa. Hannuwansu suka gaji, suka mai da Alhaji rumfa suka ajiye. Sai da na ga sun sake shi na janye. Malam Idi ya zo wucewa ya tsaya a kaina, idonsa jawur.

"Na rantse da Allah, ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba sai ranar da za a fitar da shi. Ki riƙe shi. In ya mutu ke kika sani."

Ya kuwa cika. Daga ranar kifin Juma'a ya yanke, matan dangi suka daina aiko mini goron biki da na suna, a kasuwa in na wuce sai a yi ƙasa da murya. Wannan duk mai sauƙi ne, ni ba yau na fara jin bakin mutane ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni kaɗai na biya ba. Duk Juma'a Alhaji sai ya nuna a saka masa farar rigarsa, a juya shi ya fuskanci zaure. Ya zauna haka har la'asar. Wata rana na sayo kifi na soya na ce saƙo ne daga Tunuga. Ya dubi kifin, ya dube ni, ya ture kwanon. Ya san yankan ƙanensa. Ban sake gwadawa ba. Na aika wa Malam Idi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na ce rantsuwa tana da kaffara, ni zan dafa abincin da za a ciyar, ya zo ya ga yayansa. Ɗan aike ya dawo ya ce ya ce rantsuwa rantsuwa ce.

Bayan wannan rikici Alhaji bai ƙara taɓa hotunan ƙasarmu ba. Ya nuna kwanon toka-toka, na jiragen yaƙi. Ni ban taɓa ganin teku ba, ban san kan jirgin ba balle gindinsa, duk guntun da na ɗauka launin toka ne kamar an kwaso daga murhu. Shi kuwa ya sha zaman jiran lodi a tashar jiragen Kwatano, wani lokaci mako da mako, yana zaune a kan motarsa yana kallon irinsu suna shiga suna fita. Ya san inda bindiga take zama, ya san inda ake rubuta lamba. A hankali abu ya fara fitowa, dogo, mai hanci kamar wuƙa, da wasu ƙarafa tsaitsaye a bisa. Na ce masa, "Au, dama wannan kake zuwa kallo ka bar ni da goyo da tallan kifi? Ko kyau babu." Ya yi dariya har ya sarƙe. To su na gwanjon nan ba irin bugun Kwatano ba ne. Kwalinsu ya fi kauri, kunnuwansu suna da tsauri, sai an danna da ƙarfi suke shiga. In ya danna da hagu sai sauran su zame. Na ce in riƙe masa, ya ture hannuna. Sai ya riƙa ɗauko hannun daman da na hagu yana dangwara shi a kan hoton kamar dutsen danne tabarma. Haka aka yi ta tafiya. Wata rana na ga babban yatsan ya ɗan fito daga cikin dunƙulen yana danna bakin wani guntu. Na shiga madafa na yi kukana na fito. Bayan babban yatsa sai manuni. Mazo ya zo ya gani, ya ce a ci gaba, kada a canza komai. Jirgi na farko ya ƙare, ya tarwatsa shi da kansa ya shiga na biyu, wani mai faɗin baya da ƙananan jiragen sama a kai. Ni kuwa ina nan ina rabon teku da sama, idona yana ruwa, ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro abin nan a zuci ina kuma sa masa albarka.

Cikin sanyi, wata rana da azahar, na kawo tuwon shinkafa da miyar kuka na zauna zan ba shi. Ya kau da hannuna. Ya ɗago na daman, yatsun suna rawa, ya gutsuri loma, rabi ta zube a riga, rabi ta kai baki. Ya yi bisimilla da gurnani. Ya cinye kwanon nan shi kaɗai, ya ɓata rigar gaba ɗaya, ni kuma na wanke ta ina waƙa kamar sabuwar amarya. Na kira ku ɗaya bayan ɗaya na faɗa muku. Kuka ce, "To Inna, Allah ya ƙara sauƙi," da muryar da ake lallashin tsohuwa. Na ce bari in ɗauke shi a salula ku gani, ya juya fuska bango, ya ja mayafi ya rufe. Bai yarda ƴaƴansa su gan shi da karkataccen baki ba, ni kuma ban ɗauke shi a sace ba. Magana ba ta dawo ba, ƙafa ma ba ta dawo ba, kada ku ce na ce ya warke. Hannu ne kawai. Amma ya ci abinci da shi, ya ja tasbaha da shi, liman ya zo ya yi musabaha da shi. Na sake aikawa Tunuga na ce hannu ya buɗe. Aka ce Malam Idi ya ce Hajiya ta iya tsara magana.

Farkon damina ciwon ya sake bugunsa, da safe, allon yana gabansa. Kafin a samo mota ya cika. Na gode wa Allah da ya ɗauke shi a gidansa, a kan tabarmarsa, cikinsa da kunun da ya sha da hannunsa. Aka aika Tunuga, Malam Idi ya iso kafin azahar. Shi da liman suka shiga wanka. Ina ɗaki cikin mata, kaina a sunkuye, sai na ji sallama a bakin ƙofa. Malam Idi ne, yana tsaye hannun rigarsa a naɗe, jiƙe har gwiwar hannu.

"Hajiya, wa ya buɗe masa hannu?"

"Shi ya buɗe abinsa. Tun cikin sanyi."

"Na ɗauka mutuwa ce ta sake shi," ya ce. "Sai na ga kanta a babban yatsan. Hannun da ya mutu ba ya kanta."

Na ɗago kai na dube shi, ya sake tambaya.

"Da shi yake cin tuwo?"

"Da shi. Ran Juma'a kuma a kan gwiwa yake ɗora shi, a buɗe, yana kallon zaure."

Ya kama dogarin ƙofa ya riƙe. Na ɗauka zai yi magana, bakinsa ya motsa, sai aka kira shi daga waje aka ce an gama, a zo a ɗauki makara. Ya juya ya tafi. Zaman makoki a gidan wani ɗan'uwansu suka yi, ku da kuka iso daga baya can kuka fara sauka, can kuka ji abin da kuka ji daga bakin mata da ƴan rakiya. Na lura da abu ɗaya: tun ranar wankan, ba wanda ya ce ya sake jin Malam Idi ya zarge ni. Bai kuma wanke ni ba.

Na gaji, hannuna ma ya gaji da biron nan. Ni uwa ce mai faɗa, kuna iya cewa na gyara labari don ya yi mini daɗi. Baffanku yana nan Tunuga da ransa, gwiwa ta fara ba shi wuya amma kunnensa garau. Ku je ku gaishe shi, haƙƙinsa ne a kanku. In kun gama gaisuwa ku tambaye shi abin da ya gani a babban yatsan yayansa ranar wanka. Mutumin nan ba ya ƙarya, shi ya sa ya yi shiru.